An ƙwace min waya a adaidaita, in kai rahoto caji ofis ko in haƙura?

Abban Nana: Salam jama'a. Jiya bayan magariba wasu yara biyu suka sa min wuƙa cikin adaidaita wajen Ƙofar Ɗan Agundi suka karɓe wayata. Layi na riga na rufe, banki ma sun toshe asusun, damuwata yanzu wani ne ke amfani da WhatsApp ɗina yana ce wa 'yan uwa wai ina asibiti a turo kuɗi. Kwalin wayar na nan da IMEI, wato lambar shaidar wayar. Ni a Hotoro nake, wane ofishin zan je, namu ko na inda abin ya faru?

Maman Khalifa: Allah ya mayar da alheri. Maza ka je ka rufe layinka!

Abban Nana: Hajiya ai na ce na rufe.

Sarkin Gareji: Malam ka bar wa Allah kawai. Ni babur ɗina aka ɗauke a ƙofar gida, na je na ba da sitetiment, aka ce kuɗin takarda, aka ce motarsu ba mai, duk na biya, aka ce wa nake zargi na faɗi sunan wani yaron layinmu, wallahi kafin in dawo gida an ba da belinsa har ya riga ni isowa. Yau uwarsa ba ta gaisa da matata, ko suna ba sa shigo mana, babur kuwa ko madubinsa ban sake gani ba.

Malam Habu: Ofishin yankin da aka yi laifin za ka je, ko ka je naku can za su tura ka. Ka tafi da kwalin da rasit. Ko ba a samo wayar ba rahoton zai kare ka in aka damfari wani da sunanka. Lambar gaggawa 112 kuma ta lokacin da abu ke faruwa ce, kyauta ake kira.

Ɗan Fam Santa: Tirakin, wato bin sawun waya, dubu goma na biya, ni na yi wa ƙanena.

Ummu Sultan: Goma a ina? Mu talatin aka ce, wayar ma ba ta kai haka ba.

Sadiq KN: Ƙa'ida ba a biyan ko sisi a kai ƙara, beli ma kyauta ne a rubuce a bangonsu. Yayana ɗan sanda ne, ya ce in an nemi kuɗi ka ce kana son ganin DPO.

Sarkin Gareji: To ai kai yayanka ne ya sa. Ka taɓa zama a kan bencin nan kai kaɗai? Wanda bai shiga ba ya daina ba da shawara.

Sadiq KN: Haba yaya, don an cuce ka sai kowa ya daina kai ƙara? Shi ya sa yaran suke ƙara samun gindin zama. Tun 2023 gwamnatin Kano ta ce ƙwacen waya fashi da makami ne.

Baban Gida: Ni dai rakani kashi nake riƙewa, ɓarawo ya karɓa ya dawo min da ita har da ban haƙuri 😂

Ummu Sultan: Masu sayen wayar hannu ba rasit su ne matsalar, maƙwabcinmu kwana ya yi a sel kan wayar da ya saya da kuɗinsa.

Maman Khalifa: Mu kuma 'yan sintirin unguwarmu duk wata sai sun zo karɓar kuɗi gida gida, amma ranar da aka hauro wa maƙwabciyata ko usur ba mu ji ba. Mai unguwa ya ce za a yi zama, har yau. Ku nawa ake karɓa a naku layin?