Kason ilimi a kasafin Kano: me zai iya hana kuɗin isa aji?

Malam Habibu:

Assalamu alaikum. A kasafin kuɗin 2024 da na 2025 Jihar Kano ta ware wa ilimi kusan kashi 30 cikin 100, wanda ya zarce kashi 15 zuwa 20 da UNESCO ke ba ƙasashe shawara, kuma a watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin. Ni malamin firamare ne, na kuma shaida an gyara ajujuwa a wurare da dama. Sai dai a makarantar da nake koyarwa akwai ajin da iska ta yaye rufinsa tun farkon damina, aka gwama yaran da na wani aji, har ba inda malami zai ajiye ƙafa idan zai duba littafin na baya. Ina roƙon masana su fayyace mini inda wannan kuɗi ke fitowa, da abin da zai iya hana shi zuwa.

Hajiya Binta:

Wa alaikumus salam, Malam. Na yi aikin akanta shekaru da yawa, kuma abu na farko da zan ce shi ne kasafi ƙiyasi ne na kuɗin da ake sa ran samu, ba kuɗin da ke ajiye a baitulmali ba. Mafi yawan kuɗin shigar Kano, kamar na sauran jihohin Arewa, daga asusun tarayya yake zuwa, wanda kwamitin FAAC ke rabawa duk wata: kashi 52.68 ga gwamnatin tarayya, 26.72 ga jihohi, 20.60 ga ƙananan hukumomi. Kason ya kumbura ne bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 da sakin naira, wato barin kasuwa ta tsayar da darajarta, a watan da ya biyo baya, domin kowace dala ta ɗanyen mai ta koma nairori masu yawa. Ke nan ƙarin bai fito daga haɓakar noma ko masana'antu ba, kuma hauhawar farashi ta cinye wani ɓangare nasa, tunda siminti da kwano da katakon da za a rufe ajinku duk sun yi tashin gwauron zabi.

Haɗarin yana ga farashin mai da yawan gangar da ake haƙowa. Mun ga haka a baya: a tsakiyar 2014 ganga tana sama da dala 100, zuwa Janairun 2016 ta faɗo ƙasa da dala 30, jihohi da yawa suka kasa biyan albashi har sai da gwamnatin tarayya ta kai musu ɗauki. Idan kuɗi ya gaza, albashi ake fara biya, musamman da mafi ƙarancinsa a Kano ya koma naira 71,000 a 2024, shi kuwa bashi tun daga tushe ake cire shi kafin kason ya iso jiha. Abin da ake jinginewa shi ne manyan ayyuka, wato gini da kujeru da rijiyoyin burtsatse, waɗanda su ne kake jira. Bashin waje ma abin lura ne, domin da dala ake biyansa. A Maris na 2024 Gwamna Uba Sani ya fito fili ya ce Kaduna ta gaji bashin dala miliyan 587, kuma biyansa na cinye mafi yawan kasonta na wata.

Alhaji Musa:

Hajiya ta yi bayani mai gamsarwa, amma ban yarda cewa Kano sai yadda kasuwar mai ta yi da ita ba. Jihar da ke da Kantin Kwari da Sabon Gari da Singa da Dawanau bai kamata kuɗin shigarta na cikin gida ya zama ɗan ƙaramin yanki na abin da Legas ke tarawa ba. Ni ɗan kasuwa ne, kuma muna biyan haraji, sai dai rasit iri-iri ake miƙo mana daga hannaye daban-daban, ba mu san nawa ke shiga asusun gwamnati ba. Sannan sabuwar dokar haraji da aka sanya wa hannu a Yunin 2025 ta ɗaga kason jihohi na harajin VAT, wanda ake ɗorawa a kan kayan da aka saya, daga kashi 50 zuwa 55, ta kuma ɗaura wani ɓangare na rabon a kan inda aka yi amfani da kayan. Wannan zai amfani Kano ne kawai idan cinikinmu yana rubuce, alhali galibinsa hannu da hannu ake yi.

Malam Habibu:

Na gode, Hajiya da Alhaji. To mu na firamare, tunda daga kason ƙananan hukumomi ake cire albashinmu, ina matsayinmu?

Baba Ado:

Habibu, ɗana, na yi ritaya ina hedimasta, kuma wannan ne ya fi damuna. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ba ta asusun haɗin gwiwarsu da jiha ba. Manufar tana da kyau, amma mu da muka ga zamanin da malamai ke shafe watanni ba albashi a hannun ƙananan hukumomi muna so a tabbatar an killace kuɗin malamai kafin a taɓa komai, domin ƙananan hukumomi 44 ba ƙarfinsu ɗaya ba, ba kuma yawan malamansu ɗaya ba.

Game da rufin ajinku, akwai wata ƙofa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, amma jiha ba ta karɓar tallafin gine-gine sai ta ajiye daidai adadinsa daga aljihunta, don haka duk shekarar da aka gaza ajiye wannan rabi an yi asarar aiki ninki biyu. Ku zauna da kwamitin iyaye da masu unguwa ku rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukumarku da SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ku haɗa da hoton ajin. Ku kuma nemi rahoton aiwatar da kasafi da jihar ke wallafawa duk wata uku, ku duba layin manyan ayyukan ilimi, ku kwatanta abin da majalisa ta amince da shi da abin da aka saki, sannan ku kai wa ɗan majalisar mazaɓarku lissafin tun kafin a fara sauraron ra'ayin jama'a kan kasafin baɗi.