Hayar ƙasar amana don gonar inabi a jihar Washington

Mai_Tambaya: Jama'a, yaya ake samun hayar ƙasar amana ta gwamnati a jihar Washington ta Amurka don dasa inabi, irin na yankin noman inabi na Red Mountain? Kuma za a iya gina masana'antar giyar inabi a kai?

Ɗan_Safiyo: Malam, ƙasar nan tun 1889 gwamnatin tarayya ta ba jihar don kuɗinta ya riƙa tallafa wa makarantu. Hukumar albarkatun ƙasa ta jihar (DNR) ke riƙe da ita, kuma ba ta yin rangwame. Sabuwar haya gwanjo ake yi a fili. Ka kai tsarin noma da shaidar jari, sannan ka lissafa harajin haya na kashi 12.84 cikin ɗari a kan kuɗin hayar, wanda mutane kan manta.

Manomin_Rani: Kafin gwanjo, duba ruwa. Gabashin jihar busasshe ne, ba ban-ruwa ba inabi. Ka tabbatar izinin ɗibar ruwa na filin ne, kuma da sunan wa yake. Inabi sai shekara ta 3 yake fara ba da abin kirki, cikakken amfani wajen ta 5, shi ya sa hayarsa ta fi ta alkama tsawo. Ka guji kwari, can sanyi ke taruwa ya ƙona toho.

Hajiya_Lauya: Ƙanena, hayar noma ba ta ba ka damar gina masana'antar giya ba. Sai hayar kasuwanci daban, da izinin gunduma, da lasisin TTB (hukumar harajin giya da taba ta tarayya) da na hukumar giya ta jihar. Karanta sharaɗin dashe da bututu da turaku: na wa za su zama idan wa'adi ya cika? Banki ma sai ya ga wannan, tunda ƙasar ba ta jinginuwa.