Ƙanena zai kama ciki da falo a bene a Abuja, ina neman shawara kafin in sayar da shanu

Manomin Gumel:
Assalamu alaikum. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Gumel, gero da riɗi nake yi, da ɗan kiwo. Ƙanena da na riƙe tun rasuwar mahaifinmu ya samu aiki a Abuja, kuma bayan sallah za a kai masa amarya. Ya ga ciki da falo a hawa na huɗu na wani bene a Jabi. Ya ce akwai masu gadi dare da rana, da janareta, da masu kwashe shara, ruwa ba ya yankewa, har da lif mai hawa da mutum sama. Dillali ya ce haya miliyan 3 a shekara, amma takardar da yaron ya turo min ta WhatsApp ta haura miliyan 4 da rabi. Bijimai biyu nake shirin kaiwa kasuwar Maigatari in cika masa, kuma su ne na huɗar bana. Ina son yaron nan ya zauna cikin mutunci, amma ba na son in ba da abin da ban fahimta ba. Wannan ƙarin na mene ne?

Ɗan Ringim a Gwarinpa:
Wa alaikumussalam Yaya. Ƙarin kashi huɗu ne. La'adar dillali, yawanci kashi 10 cikin 100 na haya. Kuɗin lauyan da ya rubuta yarjejeniya, shi ma kusan haka. Kuɗin ajiya saboda ɓarna, wanda ya kamata a mayar masa ranar da zai tashi idan bai lalata komai ba. Waɗannan sau ɗaya ake biya. Na huɗun, kuɗin hidima, shi ne abin lura, domin duk shekara ne. Da shi ake biyan masu gadi da shara da gyaran lif da famfon ruwa.

Ya tambaya a rubuce: man janareta yana ciki ko daban ake karɓa? A gidan da na zauna daban ne, ban sani ba sai da na tare, kuma sau biyu aka ƙara mana a shekara guda. Ya kuma tambayi rukunin da kamfanin lantarki ya sa gidan. A Afrilun 2024 an kai wa 'yan rukunin A naira 225 kowane yunit, su ne aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana. Ya tabbatar mitarsa tasa ce shi kaɗai, mai kati. Kuma kada ya tura ko sisi sai ya ga mai gidan ko takardar wakilcinsa, ya karɓi rasit.

Maman Ilham:
Malam, ni amaryar nake ji. Yarinyar da ta tashi a tsakar gida za a rufe ta a hawa na huɗu, miji ya fita tun safe sai dare, maƙwabta kowa ƙofarsa a kulle. Na yi wannan zaman shekara biyu, na san kaɗaicinsa. Irin gidajen nan da yawa ba sa barin girki da gawayi ko daka a turmi, wasu ma har shanya a baranda sun hana. In Inna ta zo wankan jego, a ina za ta kwana, a ina za a dafa ruwa? Ya karanta dokokin gidan tare da ita kafin ya sa hannu.

Ɗan Ringim a Gwarinpa:
Gaskiyar Hajiya ce. Sannan Yaya, bana ka sayar da bijimai, baɗi fa? In albashinsa ba zai ɗauki haya da kuɗin hidima ba, ya duba Kubwa ko Lugbe. Akwai sauƙi sosai, sai dai zai sha cunkoson hanya da kuɗin mota.

Manomin Gumel:
Allah ya saka da alheri. Na kira shi yanzu, ashe bai tambayi zancen man janareta ba, dokokin gidan ma bai gani ba. Na ce gobe ya koma ya karɓo su a rubuce, ranar Asabar kuma ya leƙa Kubwa. Shanun suna nan a turke tukuna.