Atisayen hawan tudu a garin da yake shimfiɗe: abin da masu gudu a Katsina da Daura suka gani

Mai gudun dogon zango, Ƙofar Marusa

Assalamu alaikum. Shekara huɗu ke nan ina fita gudu bayan sallar asuba a cikin birnin Katsina, har na ɗauka ƙafata ta gama ƙwarewa. Bara na je tseren kilomita 10 na Okpekpe a jihar Edo, wanda aka fara a 2013, kuma a can ne na gane kurena. Tun a hawa na biyu cinyoyina suka yi nauyi kamar an ɗaura musu buhun gero, alhali numfashina bai ƙare ba, ina ji ina gani waɗanda na wuce a fili suka riƙa wuce ni ɗaya bayan ɗaya. Garinmu kamar faifai yake, saboda haka nake roƙon duk wanda ya taɓa yin atisayen hawa a nan ya faɗa mana inda ya sami tudun, da yadda ya yi, da abin da ya biyo baya.

Malamin motsa jiki mai ritaya, Ƙofar Sauri

Wa alaikumus salam, ɗana. Kuskurenka shi ne zaton sai an sami dutse kafin a yi wannan atisaye. Shekarun da na yi ina shirya yaran sakandare domin gasar makarantu, ban taɓa kai su ko'ina ba sai wani tsohon rami a bayan gari inda masu gini suka ɗebi ƙasa, wanda yake da hanyar da motoci ke bi su sauka cikinsa. Wannan gangaren ya ishe mu.

Iri biyu nake ba su. Na farko gajere ne, domin sauri: yaro ya taso da dukan ƙarfinsa na daƙiƙa 8 zuwa 10, ya dawo da tafiya, ya huta minti biyu cur kafin ya sake. A makon farko sau huɗu kawai, ana ƙara ɗaya ko biyu duk mako har a kai goma. Hutun nan shi ne abin da matasa ba sa so, suna ganin lalaci ne, amma wanda ya koma yana haki ya daina koyon sauri, wahala kawai yake sha. Na biyu dogo ne, domin juriya: minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi a hawa mai sauƙi, da gudun da mutum zai iya maimaitawa sau shida ba tare da na ƙarshe ya lalace ba, a sauko da sassarfa. Kowanne sau ɗaya a mako, bayan an ɗumama jiki na aƙalla minti goma sha biyar.

Dalilin amfaninsa a fili yake. A hawa, kowane taku sai ka ɗaga nauyin jikinka sama, don haka dole gwiwa ta tashi, dole ka tura ƙasa da gaban tafin ƙafa, dole hannuwa su yi aiki, kuma saboda ƙasa tana tarar ƙafarka da wuri, dukan da gaɓoɓi ke sha bai kai na gudun fili ba. Arthur Lydiard, mai horar da 'yan gudu na ƙasar New Zealand, yakan ware wa 'yan wasansa makonni na hawa zalla bayan watannin dogon gudu, kuma ɗalibinsa Peter Snell ya ci zinaren mita 800 a gasar Olympics ta Rum a 1960, ya sake cin na 800 da 1,500 a Tokyo a 1964. Ka lura da jerin: dogon gudu tukuna, sannan tudu. Kai kana da na farkon.

Ɗan ƙwallo, Daura

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ni na ji rabin irin wannan bayani ne, na bar rabi, kuma na ɗanɗana kuɗata. Mu a Daura yashi muke da shi, sai na sami gaɓar wani rafi da ke bushewa da rani, mai tsayi kamar ɗaki biyu, yashinta mai laushi. An gaya mini cewa Herb Elliott na Ostareliya, wanda ya ci mita 1,500 a gasar Olympics ta 1960, a kan tsaunukan yashi na bakin teku mai horar da shi Percy Cerutty ya gina shi, sai na ce ai ga nawa a gida. Na riƙa hawa sau ashirin, ba takalmi, kwana huɗu a mako. Mako biyu na farko na ji kamar an canza mini ƙafafu, domin a fili babu mai tsere mini. A mako na uku na wayi gari agarata ta dama ta ƙage, ba na iya taka dunduniya sai na yi ɗingishi na ɗan lokaci. Na yi taurin kai na ci gaba, daga ƙarshe wata biyu na yi ban taɓa ƙwallo ba. Yanzu na koma wurin, amma sau shida nake hawa, rana ɗaya a mako, kuma a ɓangaren da ƙasar ta fi tauri.

Ma'aikaciyar jinya, Katsina

Ƙanina, abin da ya same ka ba baƙo ba ne a wurinmu. A hawa dunduniya tana sauka ƙasa da yatsu, jijiyar agara tana miƙewa fiye da yadda ta saba, yashi kuma yana ƙara nutsar da dunduniyar. Jijiya ba ta saurin sabawa da sabon aiki kamar tsoka, shi ya sa mutum yake jin ƙarfi ya zo alhali jijiyar tana baya. Ƙagewar safiya ita ce gargaɗin farko. Ni da yake fita bayan gari ba ta yiwu mini, matakalar bene mai hawa biyu nake amfani da ita: in hau da gudu, in sauko a hankali ina riƙe da ƙarfe, sau takwas. Tana ƙarfafa cinya sosai, sai dai ba ta koya wa ƙafa dogon taku, domin faɗin matakala ne ke yanke maka tsawonsa.

Tsohon ɗalibi, Dutsin-Ma

Kowa yana maganar hawa, ni saukowa ce ta kayar da ni. Lokacin da nake karatu a Dutsin-Ma, inda ba a rasa duwatsu, mukan hau wani fa mai faɗi da yamma. Ranar farko na sauko da gudu kowane zagaye, ina jin daɗin iska, ban ji komai ba har na kwanta. Washegari gaban cinyoyina suka yi tsami, rana ta biyu kuwa abin ya tsananta har a zaune na yi sallah, domin sunkuyawa zuwa sujada ta gagare ni. Daga baya na fahimci cewa a gangara tsokar gaban cinya birki take takawa, tana riƙe nauyi a daidai lokacin da ake miƙe ta, kuma irin wannan tsamin sai bayan kwana ɗaya zuwa uku yake kai maƙura. Abin mamaki, da na warke na sake yi, tsamin bai kai rabin na farko ba. Saboda haka, Yaya, tunda tseren da ka je yana da gangara kamar yadda yake da hawa, kada ka bar saukowa gaba ɗaya, amma ka koye ta a gangare mai sauƙi na ƙasa, da gajerun taku, ba a kan fa ko kwalta ba.

Malamin motsa jiki mai ritaya, Ƙofar Sauri

Gaskiyar yaron nan ne, sai dai ban yarda a haɗa koyon hawa da koyon gangara a wata ɗaya ba. Kuma na ji wasu suna yi a gangaren gadar ƙasa ta Ƙofar Ƙaura da duku-duku. Hawan yana da kyau, amma mai babur da ya shigo a guje ba ya tsammanin mutum a wurin, ni ban taɓa tura yaro can ba.

Mai gudun dogon zango, Ƙofar Marusa

Na gode, Baba, na gode 'yan'uwa. Mako bakwai ke nan da na fara. Na sami irin ramin da Baba ya kwatanta, ina yin gajere ranar Talata, dogo ranar Asabar, yanzu na kai tara a gajeren. A mako na biyu sharaɓata ta ɗan riƙe, na tuna da ɗan'uwanmu na Daura na tsallake Talata ɗaya, ta sake. Lokacina a kilomita 5 ya ragu da kusan daƙiƙa 40, amma abin da na fi lura da shi shi ne na daina sunkuyar da kai ina lanƙwasa ƙugu idan na gaji, hannuwana kuma sun koyi aiki. Dogon ne har yanzu yake ba ni wuya, domin ramin yana ƙarewa a daƙiƙa ashirin, sai na riƙa ƙarasa sauran a fili da irin gudun da na hau da shi. Tunda hunturu ya shigo ƙurar wurin ta yi yawa, na mayar da fitata bayan hantsi ya ɗan ɗaga. Baba, idan na kai goma a mako mai zuwa, in tsaya a nan ne, ko in nemi wuri mafi tsayi?