Banki ya taɓa riƙe muku kuɗi saboda suna?

Mai tambaya:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Yau kwana tara da na tura wa ƙanena kuɗin makaranta a ƙasar waje, ba su isa ba, ba su kuma dawo ba. Na je banki, matar da ke kan tebur ta daɗe tana kallon kwamfuta, sannan ta ce ana tantancewa, in kawo fasfo da takardar makarantar. Na ce laifin me na yi? Ta yi shiru. Wallahi raina ya ɓaci. Wa ya taɓa shiga irin wannan?

Ɗan kasuwa:
Wa alaikumus salam. Ni sau biyu. Sunana ya zo ɗaya da na wani a jerin waɗanda aka sa wa takunkumi na OFAC, ofishin takunkumi na Baitulmalin Amurka. Dala na tura, suka bi ta wani banki a New York, can aka tsare su. Ranar haihuwa ce ta raba ni da mutumin.

Tsohuwar ma'aikaciyar banki:
Ɗan'uwa, ka yi haƙuri da matar nan. Na yi shekaru a sashen tantancewa. Manhajar kwamfutar banki tana gwada sunan mai turawa da na mai karɓa da jerin sunaye da dama: na Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, ciki har da jerin da ya faro daga ƙuduri na 1267 a 1999, da na Tarayyar Turai, da na Amurka. Da gangan aka saita ta ta kama har wanda ya yi kama, tunda suna ɗaya kamar Muhammad wani zai rubuta Mohammed, wani Mohamed. Mafi yawan waɗanda take kamawa ba ruwansu, amma sai mutum ya zauna ya duba kowanne da ido.

Shirun da ta yi kuma yana da dalili. Ƙa'idojin FATF, hukumar ƙasa da ƙasa mai yaƙi da halatta kuɗin haram, sun hana ma'aikaci ya sanar da mai asusu in an kai rahoton zargi a kansa, shi ya sa da yawa suke kame baki ko da babu wani rahoto. Ga tsoron tara: a 2014 bankin Faransa BNP Paribas ya amince ya biya Amurka kusan dala biliyan 9 kan karya takunkumin Sudan da Iran da Kyuba.

Mai aikin agaji:
Hajiya, na fahimci tsoronsu, amma mu rufe mana asusu aka yi gaba ɗaya, don kawai muna kai magani yankin da ake yaƙi. Kowace takarda suka nema mun bayar. Wasiƙar layi uku ce, babu dalili. Marasa lafiyan da ke jiranmu ba su san wani jeri ba, su ne abin ya faɗa wa.

Mai tambaya:
Na gode Hajiya. Na duba yanzu, sunan ƙanena a fom ɗin ya sha bamban da na fasfonsa da harafi ɗaya. Gobe da safe zan koma da takardun.