"Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe": ta hau kan doki kuwa?

Mai Akawal: Assalamu alaikum. Wani aminina yana da goɗiya mai kyan tafiya, ya kuma tara kuɗin ƙara doki na biyu. Na ce ya nemi horarre ya saya, ya ce a'a, barbara zai kai ta wurin ingarma mai asali, ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na rasa ta cewa. Masana, karin maganar nan ta zauna a nan?

Tsohon Malami: Wa'alaikumus salam. Ta zauna, amma da ƙafa ɗaya. Abin da take nufi shi ne ɗa ba ya fita daga irin iyayensa. Ba ta ce ɗan barewa zai kamo uwarsa a gudu ba. Duƙushin abokinka zai yi gudu mana, tunda doki ne, sai dai gudun wane iri? Kuma mutanen da suka yi wannan karin maganar su ne dai suka ce albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Baban Duƙushi: Allah ya gafarta Malam, a nan kam ban bi ka ba. Jini ba wasa ba ne. Dawakin tseren nan da ake kira Thoroughbred, duk salsalarsu ta wajen uba tana komawa ga ingarmu 3 da aka kai Ingila shekaru kusan 300 da suka wuce: Byerley Turk da Darley Arabian da Godolphin Arabian. Da gado ba ya aiki, wa zai ɓata lokacinsa yana rubuta asali? Ban da haka, wanda aka haifa a bargarka ka san abin da ya ci, ka san hannun da ya fara sa masa ragama. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Likitar Dabbobi: Baba, gado gaskiya ne, amma a yi lissafi. Goɗiya wata 11 take ɗauke da ciki, in ma ta ɗauka a karon farko, don ba kullum ba. A ƙarshen cikin ba hawa, abinci kuma sai an ƙara. In tagwaye ne, galibi ɓari ake yi. Ta haihu lafiya, dole duƙushi ya miƙe ya sha dakashi cikin sa'o'in farko, in ba haka ba jikinsa ba shi da garkuwar cuta. Ana yaye shi a wata 4 zuwa 6. Ba a ɗora masa sirdi sai ya shekara 2 ko 3, ƙashinsa kuma ba ya gama ƙwari sai wajen shekara 5 zuwa 6. Duk tsawon nan harawa da dusa da allura da gyaran kofato suna kanka, ba ka san ko mai tutsu kake ciyarwa ba, ko mai karkatacciyar ƙafa. Ni wadda na ga ta dace ita ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Ɗan Sukuwa: Ga misali. A 1983 an sayar da wani doki mai suna Snaafi Dancer a Amurka dala miliyan 10.2 yana ɗan shekara 1, saboda ubansa shahararren dokin tsere Northern Dancer ne. Ko sau ɗaya bai shiga tsere ba. Seattle Slew kuwa dala 17,500 aka saye shi, ya lashe manyan tseren Amurka 3 a 1977. Ina barewar take?

Baban Duƙushi: Yaro, ai ni ka tara wa hujja! Wa ya yi asara a cinikin nan, wanda ya yi kiwon ko wanda ya saya? Mai goɗiya ya soke miliyoyinsa a aljihu ya yi gaba.

Tsohon Malami: Ya kama ka, Ɗan Sukuwa. Sai dai wancan cinikin biri a sama ne, an sayi sunan uba ba a ga aikin ɗa ba. Mai kai goɗiya barbara ma irin cinikin yake yi, har gara wancan ya ga biri. Sayen da Mai Akawal yake nufi na dokin da za ka hau ka sauka, ka ɗaga kofatonsa, ka buɗe bakinsa ka duba haƙora. Shi ake ce wa sayen nagari mai da kuɗi gida.

Likitar Dabbobi: Shi ma a yi hattara, Malam. Akwai mai ɗura wa doki maganin kashe zafi ranar ciniki, ɗingishi ya ɓuya, sai bayan kwana biyu ya dawo. A je da likita, a sa shi sassarfa a ƙasa mai tauri, a kuma sake komawa ba tare da an sanar ba. Malam Mai Akawal, shekarun goɗiyar nawa, kuma ta taɓa haihuwa?

Mai Akawal: Ta haura 15, Hajiya, ba ta taɓa ba.

Likitar Dabbobi: To, a wannan shekarun ɗaukar cikin fari yana wuya. Ya bari a duba mahaifarta tukuna kafin ya biya kuɗin ingarma.