Risibar 7.1 ko amfilifaya mai layi biyu: wacce ta fi fitar da kiɗa?

Alhaji na Gwammaja: Salamu alaikum. Risibata Yamaha ce mai 7.1, wato mai layin sifiku bakwai da na bes ɗaya, wat 100 aka rubuta a kwalinta. Yanzu fim ya fita a raina, kiɗa kawai nake ji da sifiku biyu. Wani a Sabon Gari ya ce in sayar da ita in ɗauki amfilifayar sitiriyo mai wat 60, wai ta fi ta nesa ba kusa ba. Ta ina 60 za ta fi 100?

Mai gyara: Wa alaikumus salam, Alhaji. Gaskiya ya faɗa maka, ni nake buɗe cikinsu kullum. Wannan 100 ɗin yawanci da layi ɗaya ko biyu ake auna shi, ba da bakwai a tare ba. Taransifoma ɗaya ce ke ciyar da su duka, ga allon HDMI, mahaɗar talabijin, ga na bidiyo, duk an cusa a akwati ɗaya. Ta sitiriyo kuwa kuɗinta kan layi biyu ya ƙare: taransifoma babba, manyan kafasito, ƙarfen sanyaya mai kauri.

Malam na Kabuga: Maigida, ai ka kayar da kanka. In da layi biyu aka auna, Alhaji kuma biyu yake kunnawa, to 100 ɗinsa na nan, sauran biyar barci suke. Sannan wat ba ya aiki yadda muke zato. Sai ka ninka shi biyu ka samu ƙarin desibel 3 kacal, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙarar sauti. Tsakanin 60 da 100 desibel 2 ne da ɗan ɗoriya. Sifikar da ke ba da desibel 88 da wat ɗaya, a falo da kyar za ta ci wat goma kafin maƙwabta su buga ƙofa.

Mai gyara: Malam, lissafin allo daban, tebur ɗina daban. Sa wa risibar sifika mai om 4, wato mai jan wuta fiye da mai om 8, ka murɗa, a watan Afrilu da zafi ke haura 40, cikinta kuma cike da ƙurar hunturu. Kafin a jima za ka ji ƙas, ta kashe kanta. Bes ɗin ma tun kafin nan ya saki jiki.

Malam na Kabuga: Wannan na yarda, a om 4 da ƙara mai yawa. Nan kaɗai.

Ɗan auta: Ni dai na canza zuwa ta sitiriyo kuma na ji bambanci wallahi. Kalangu ya fito fes, har jan igiyar kake ji.

Malam na Kabuga: Ƙanina, ka daidaita ƙarar kafin ka gwada? Kunne yana ruɗin mutum. In ɗaya ta ɗara ɗaya ko da desibel guda ne, za ka rantse ta fi daɗi. Shi ya sa gwajin shago ba hujja ba ne. Alhaji, me aka rubuta a bayan sifikunka? Kuma falon kafet ne ko tayil?

Alhaji na Gwammaja: Om 8. Tayil ne, bango ba labule sosai.

Malam na Kabuga: To ciwon yana ɗaki. Tayil da siminti suna mayar da sauti, murya ta yi ta amsa kuwwa. Shimfiɗa kafet, janyo sifikun daga jikin bango, ka danna Pure Direct, maɓallin da ke fitar da sauti kai tsaye ba sarrafawa, ka ji. Ko ka sa ɗan makirfon nan na YPAO, tsarin Yamaha na daidaita sauti da ɗaki, ya auna maka falon. Yawancin na sitiriyo ba su da shi, da yawa ma ba su da HDMI, sai ka fara neman yadda za ka haɗa talabijin.

Mai gyara: Ba sai ya sayar ba ma. In bayan risibar akwai Pre Out, wato mafitar tura sauti zuwa wata amfilifaya, a jona amfilifayar ta riƙe sifikun gaba, kowa ya yi aikinsa. Amma Alhaji, in ta gwanjo za ka saya, duba bayanta. Ta Amurka bolt 120 ce, ta Japan 100, wutarmu 230. Ko wannan makon an kawo min wadda aka soya.

Alhaji na Gwammaja: To a daina musun baki. Maigida, ka zo da amfilifayarka ranar Asabar bayan la'asar. Malam ya daidaita ƙarar, auta ya riƙa sauya waya a bayana ban gani ba.

Mai gyara: Na yarda. In Alhaji ya gane ta, kuɗin adaidaita na kanka, Malam, zuwa da dawowa.

Malam na Kabuga: Sau goma za a sauya fa, ba sau ɗaya ba.